Ikon Ɗan Sanda Da Iyakarsa

Duk wanda ya taɓa shiga mota daga Daura zuwa Kwangwalam ranar kasuwar Mai'aduwa, ko ya bi hanyar Zango zuwa Baure, ko ya nufi Kano ta Kazaure, ya san abin da za mu yi magana a kansa yau. Ana cikin tafiya sai direba ya rage gudu. Ga gungumen itace ko tsohuwar taya an gitta bisa titi, ga mai kayan sarki ya ɗaga hannu. Nan take hira ta mutu. Mai takarda ya shiga laluben aljihu, marar takarda ya sunkuyar da kai, yaron mota kuwa tuni ya dunƙule wani abu a tafin hannunsa. Cikin dukan mutanen da ke motar nan, da wuya a sami ɗaya wanda zai iya faɗin abin da doka ta yarje wa ɗan sandan nan ya yi masa, da abin da ta hana shi. Abin da ya fi wannan ban takaici shi ne, wani lokaci shi kansa mai ɗaga hannun bai sani ba.

Bari tun da fari mu faɗi inda muka tsaya, don kada a juya mana magana. Ba mu cikin masu cewa a ɗaure hannun 'yan sanda, a bar kowa ya wuce da abin da ya ga dama. Mutanen Daura ba su manta da magaribar ranar 1 ga watan Mayu na 2019 ba, sa'ad da 'yan bindiga suka ɗauke Magajin Garin Daura, Alhaji Musa Umar Uba, a ƙofar gidansa, suka sa shi mota suka yi gaba. Ba a same shi ba sai bayan wata biyu, can a ƙasar Kumbotso ta Kano. Mu kuma da aikinmu ya ke duba makarantu da horar da malamai, ba za mu manta da watan Disamba na 2020 ba, sa'ad da aka kwashe yara fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara a dare ɗaya. Ƙasar da irin wannan ya auku cikinta, tilas ta ba masu tsaronta ikon su tsai da mutum, su tambaye shi, su duba kayansa.

Amma fa iko irin wannan kamar wuƙar wanzami ya ke. A hannun gwani magani ce, a hannun marar horo kuwa sai rauni. Abin da mu ke so mu nuna shi ne, ikon tsayarwa da bincike yana da sharuɗɗa waɗanda doka ta rubuta dalla-dalla, kuma duk ranar da aka yi watsi da sharuɗɗan nan, tsaron ma da a ke nema ba ya samuwa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Tambayar baƙo ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Sa'ad da birane irin su Daura ke kewaye da ganuwa, ko wace ƙofa tana da mai tsaronta, a kan rufe ta da dare, kuma fatake ba su kan shiga gari ba sai an san daga inda suka fito da gidan da za su sauka. Mai masauki shi ke tsaya wa baƙonsa, mai unguwa kuwa ya san wanda ya kwana a unguwarsa. Dogarai su ne hannun Sarki wajen kama mai laifi. Da Turawa suka zo, sai aka ware wasu aka sa musu kaki, aka koya musu fareti, aka kira su 'yan doka, suna ƙarƙashin En'e, shugabansu shi ne Wakilin Doka. Gwamnati kuma tana da nata 'yan sanda, waɗanda aka haɗe na Arewa da na Kudu suka zama runduna ɗaya a shekarar 1930.

Ba za mu yi wa zamanin 'yan doka kwalliyar da ba tasa ba. Dattawan da suka ga siyasar shekarun 1950 sun san yadda aka yi ta kukan cewa ana amfani da su wajen matsa wa 'yan adawa, musamman magoya bayan NEPU. Irin koke-koken nan na cikin abin da ya sa kwamitin da gwamnatin soja ta kafa a 1966 ya ba da shawara a haɗe su da 'yan sandan Nijeriya, aka kuwa fara haɗewar kafin shekarun 1960 su ƙare. Duk da haka akwai abu guda da ɗan doka ya ke da shi. An san shi. An san sunansa, an san gidan ubansa, an san inda za a kai ƙararsa. In ya ci mutuncin wani a kasuwa da safe, kafin la'asar magana ta kai zauren hakimi. Ɗan sandan yau kuwa mai yiwuwa ne daga nesa aka turo shi, wataƙila bai ji Hausa sosai ba, gobe kuma a ɗauke shi a kai wata jiha. Tun da ya ke sanayya ta kau, dole a sami abin da zai tsaya a madadinta. Abin nan shi ne rubutacciyar doka.

To, dokar kuwa tana nan. Tsohuwar dokar 'yan sanda, wadda asalinta na shekarar 1943 ne, magana ɗaya tak ta yi a kan tsare mutum a bincike shi: ta ce ɗan sanda na iya tsare mutum ya bincike shi in yana da dalilin zaton yana ɗauke da kayan sata ko abin da aka samu ta haramtacciyar hanya. Ba ta faɗi yadda za a yi binciken ba. A watan Satumba na 2020 aka soke ta, aka kafa sabuwa. Wanda ya sa mata hannu kuwa ɗan Daura ne, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari, wanda aka binne a garin nan a watan Yuli na 2025. Saboda haka in akwai inda ya kamata a san dokar nan ciki da bai, a kuma ga tana aiki, to masarautar Daura ce.

Ga abin da ta ƙunsa, a taƙaice. Sashe na 49 ya ba ɗan sanda iko ya tsai da mutum ko abin hawa a inda jama'a ke kai da kawowa, kamar hanya da kasuwa da tasha, ban da cikin gidan mutum. Amma sai in akwai dalili mai kama hankali. Watau ko ana zaton mutumin yana ɗauke da kayan sata ko haramtaccen abu, ko an sami labarin za a yi tashin hankali a wurin, ko an kwatanta wa 'yan sanda kamannin wanda a ke nema, ko an ga mutum da wani irin kaya a lokacin da bai dace ba, a unguwar da a ke fama da sata. Mutumin da aka gani da tsakar dare yana kora shanu ta bayan gari, babu laifi a tambaye shi. Tsohon da ke tafiya asibiti da hantsi bisa babur, ina dalilin zazzage masa jaka?

Sashe na 50 ya ce kafin ɗan sanda ya taɓa kayan kowa, lalle ya kasance cikin kayan sarki, ko kuwa yana rataye da katin shaidarsa a inda za a gani. Sa'an nan ya faɗi sunansa, da ofishin da ya fito, da abin da ya ke nema, da dalilin da ya sa ya ke nemansa wurinka. Jama'a, a lura da wannan da kyau. A zamanin da ɓarayi ke gitta itace a hanya su yi shigar jami'ai, faɗin suna da nuna shaida kariya ce ga matafiyi, kariya ce kuma ga sunan rundunar kanta. Wanda ya tambayi ɗan sanda sunansa cikin ladabi bai yi tsaurin ido ba, hakkinsa ya nema.

Sashe na 51 ya yi magana a kan mutunci. Ya ce a yi iyakar ƙoƙari kada a kunyata wanda a ke bincika, a nemi haɗin kansa tukuna, kada a sa ƙarfi sai in babu makawa, kada kuma a tsare shi fiye da yadda binciken ke bukata. A bainar jama'a ba a wuce duba tufafin waje. In har ya zama tilas mutum ya tuɓe riga ko ya cire abin da ke kansa, sai a keɓe inda ido ba ya kaiwa, namiji ya bincike namiji, mace ta bincike mace. A ƙasar da dattijo ke ɗaukar warware masa rawani a gaban yara daidai da mari, mace kuma ke ɗaukar mayafinta bakin mutuncinta, ba sai mun yi dogon bayani a kan amfanin wannan sashe ba.

Sashe na 54 shi ne ya fi shafar halin da mu ke ciki. Ya ce launin fatar mutum, ko shekarunsa, ko irin askinsa, ko irin tufafinsa, ba su zama dalilin zato. Haka nan don an taɓa ɗaure mutum saboda an kama shi da haramtaccen abu, ba shi ke nan kullum a tare shi ba. Haka kuma ba a tsai da mutum don kawai ana cewa irin mutanensu su ne masu laifi. Mun san wa wannan ya shafa. Ya shafi Bafillatanin da ya kawo saniyarsa ta halal kasuwar Mai'aduwa, aka fizgo shi daga mota aka bar sauran fasinjoji. Ya shafi Buzu mai rawani, da almajiri mai allo, da saurayi ɗan makaranta mai jakar kwamfuta. 'Yan bindiga sun ɓata wa wata al'umma suna, gaskiya ne. Amma in aka mai da dukan al'ummar abin zargi, an rufe bakin ainihin mutanen da suka fi kowa sanin daji da masu ɓoye cikinsa. Bayan haka dokar ta ce a rubuta ko wane bincike, sai fa in hali bai yarda ba: wa aka bincika, yaushe, a ina, don me, me aka samu, wa ya yi binciken.

Tsarin mulkin 1999 shi ne uwa ga dukan wannan. Sashe na 34 ya hana azabtarwa da wulaƙanci. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama yana da ikon yin shiru har ya ga lauya ko wani wanda ya zaɓa, kuma a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da ya ke ji. In akwai kotu tsakanin kilomita 40, watau mil 25, a kai shi gabanta cikin kwana ɗaya, in babu kuwa cikin kwana biyu, sai dai wanda a ke zargi da laifi mai hukuncin kisa, wanda shari'arsa daban ce. Wanda aka tsare ba bisa doka ba yana da hakkin diyya da neman gafara a fili. Sashe na 37 ya kare sirrin gidan mutum da wasiƙunsa da maganarsa ta waya. Dokar 2020 ta ƙara da cewa ba a kama wani a madadin wani, watau ba a tafiya da uba don an rasa ɗa, ko mata don miji ya gudu, kuma ba a kama mutum don bashi kawai ko saɓa alkawarin ciniki.

Game da shiga gida, mutanenmu sun riga dokar Turawa sanin haka. Yaro tun yana ƙarami a ke koya masa sallama a zaure, malamai kuma kullum suna karantar da abin da Suratun Nur ta koyar game da neman izini kafin shiga gidan wani, da abin da Suratul Hujurat ta hana na mummunan zato da bin diddigin asirin mutane. Dokar tsarin shari'ar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ta fara aiki a 1960, ta kiyaye wannan al'ada. Ta ce a yi binciken gida a gaban mutum biyu masu mutunci daga unguwar, kuma in akwai matan kulle a sanar da su, a ba su damar kaucewa kafin a shiga. Dokar tarayya ta 2015 ma ta riƙe wannan ƙa'ida. Ashe ke nan babu saɓani tsakanin abin da ke cikin littafin doka da abin da kakanninmu suka sani. Saɓanin yana tsakanin littafin da abin da a ke gani a bakin hanya.

Wani malami matashi, cikin waɗanda suka fita daga hannunmu, an tura shi wata makarantar ƙauye kusa da iyaka. Kullum da sassafe ya kan hau babur ya tafi. Wata rana a wani shinge aka tsai da shi. Ya nuna takardun babur, ya nuna katin aikinsa, duk ba su gamsar ba. Aka karɓi wayarsa aka shiga karanta saƙonnin da ke tsakaninsa da iyalinsa, ana dariya. Da ya ce wannan bai dace ba, sai aka zaunar da shi a ƙasa gefen titi, ga yaran da ya ke koya wa karatu suna wucewa suna kallo. Ba a sami komai wurinsa ba, ba a rubuta komai ba, ba wanda ya gaya masa sunansa. Sai da rana ta take aka sallame shi. Yaran ajinsa sun rasa darasin ranar, amma sun ɗauki wani darasi wanda ba mu so su ɗauka: cewa mai kaki abin gudu ne, kuma malaminsu ma ba shi da ƙima a gabansa. Yaro cikinsu in gobe ya ga baƙin fuska da bindiga a bayan makaranta, wurin wa zai kai labari?

Nan ne asarar ta ke. Ɗan sanda ba ya duba, ba ya bugun ƙasa. Da labarin da jama'a ke kawo masa ya ke aiki. Mai shayi a tasha, da mai faci, da ɗan acaɓa, da matar da ke kai nono kasuwa, su ne idonsa da kunnensa. Ko wane mutum da aka wulaƙanta a shinge, ido ɗaya ne aka rufe. Shingen da aka san kuɗi kaɗan ke buɗe shi kuwa, ai bai tare kowa ba sai talaka, domin mai ɗauke da makami ya fi kowa saurin miƙa hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Manyan rundunar sun san da haka. A 2012 Sufeto Janar Muhammad Dahiru Abubakar ya ba da umurni a kwashe shingayen da ke kan hanyoyi. Ranar 4 ga Oktoba, 2020, Sufeto Janar Muhammad Adamu ya hana rundunar SARS da makamantanta tsayar da mutane a hanya, ya kuma ja kunnen 'yan sanda a kan binciken wayoyi da kwamfutocin jama'a barkatai. Mako guda bayan haka, da zanga-zangar matasa ta yi tsanani, aka rushe SARS ɗin ɗungum. Abin lura shi ne, umurni daga Abuja ya kan yi aiki na ɗan lokaci, sa'an nan a koma gidan jiya. Ba umurni mu ke ƙaranci ba, bibiya mu ke ƙaranci.

Ba mu kaɗai ne muka taɓa shiga wannan hali ba. A Ingila akwai wata tsohuwar doka ta 1824 wadda ta ba ɗan sanda damar kama mutum bisa zato kawai. A watan Afrilu na 1981, a unguwar Brixton ta birnin London, inda baƙar fata ke da yawa, 'yan sanda suka tsai da mutum kusan dubu cikin 'yan kwanaki, mafi yawansu ba a same su da komai ba. Unguwar ta kama da wuta. Gwamnati ta sa wani babban alƙali, Lord Scarman, ya bincika, aka soke wannan sashe na tsohuwar dokar, a 1984 kuma aka yi sabuwa wadda ta wajabta dalili da faɗin suna da rubuta bincike. Wanda ya duba dokarmu ta 2020 zai ga ta yi kama da waccan ƙwarai. Su sai da gari ya ƙone suka gyara. Mu da muka sami rubutun a sauƙaƙe, rigakafi ya fi mana magani.

Ƙasar Daura tana da wata matsala tata ta musamman, watau iyaka. Sa'ad da Turawan Ingila da na Faransa suka shata ta a farkon ƙarnin da ya wuce, ta raba dangi biyu, har yau kuwa akwai mai gona a nan, surukai a Matamaye ko Magarya. Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 an rufe iyakar, aka sake rufe ta a Agusta na 2023 bayan juyin mulkin Nijar, sai a Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren. A irin waɗannan lokatai a kan ga masu kaki iri-iri a hanya ɗaya: ga kwastan, ga jami'an shige da fice, ga soja, ga 'yan sanda. Ko wanne da dokar da ta kafa shi da abin da aka sa shi nema. Talaka kuwa duk ɗaya ya ke ganinsu, laifin ɗaya kuma ya kan shafi sauran. A watan Oktoba na 2023 Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma ta Jihar Katsina. Muna ganin duk wanda hukuma ta ba kaki ta tsayar a hanya, kowane ne shi, ya kamata a ɗora shi bisa ƙa'idodin nan: dalili, suna, mutunci, rubutu.

Adalci ya sa mu faɗi ta ɗaya gefen. Kurtun da ke tsaye cikin ranar bazara da ƙurar hunturu, bai san ko motar da ke tahowa ta 'yan biki ce ko ta masu kashe shi ba. 'Yan sanda da yawa sun rasa rayukansu a Jihar Katsina wajen kare mutanen da ba su ma san sunansu ba, sun bar marayu. Wanda aka tura aiki babu man mota, babu alawus a kan kari, an buɗe masa ƙofar fitina. Ba mu ce wannan ya halatta masa cin hanci ba, amma hukumar da ke son hannu mai tsabta sai ta cika masa hakkinsa.

Mu ma jama'a muna da namu laifin. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Direban da ya ƙi sabunta takardunsa shekara da shekaru don ya san na goro zai fisshe shi, shi ne ke ciyar da abin da ya ke kuka da shi. A doka mai bayarwa da mai karɓa duk masu laifi ne. In an ɗaga maka hannu ka tsaya, kada ka gudu, domin gudu kan jawo harbi. In da dare ne ka kunna fitilar cikin mota, ka bar hannuwanka a fili. Ka amsa tambaya da ladabi, ka buɗe kayanka da hannunka kana kallo. In an zalunce ka kada ka yi kokawa a bakin titi. Riƙe suna ko lamba, da wuri, da lokaci, da wanda ya gani, ka kai wa baturen 'yan sanda na yankin. In bai saurara ba akwai Kwamishina a Katsina, akwai sashen karɓar koke-koke da rundunar ta kafa a 2015, akwai Hukumar Kula da Aikin 'Yan Sanda, da Hukumar Kare Hakkin Ɗan Adam, akwai kuma kotu.

To, me ya kamata a yi? Na farko, a fassara sassan nan na doka da Hausa mai sauƙi, da boko da ajami, a liƙa a tashoshin mota da kasuwanni da ƙofar ko wane caji ofis a ƙananan hukumomi biyar na masarautar, watau Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. A karanta su a rediyo da Hausa da Fulatanci. A shekarun 1950, da 'yan ƙananan takardu da azuzuwan Yaƙi da Jahilci aka koya wa manoma karanta rasiɗin haraji da lambar sikeli, cutar da a ke yi musu ta ragu. Abin da aka yi da rasiɗi ana iya yi da wannan.

Na biyu, aikin namu ne, mu malamai. A darasin zaman ɗan ƙasa muna sa yara su haddace sunayen gwamnoni, amma ba mu koya musu abin da za su yi in an tsai da su a hanya ba. Ya kamata ko wane ɗalibin koyon malanta ya san sassan nan kafin ya karɓi takardar shaidarsa. Daura ta zama garin ɗalibai, ga Kwalejin Yusufu Bala Usman, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, ga Jami'ar Sufuri, kuma matasan nan masu waya da kwamfuta su ne aka fi tarewa. A riƙa gayyatar manyan 'yan sanda makarantu su yi bayani da bakinsu, yara su yi musu tambaya. Wanda ya tsaya gaban aji ya faɗi ƙa'ida, zai ji nauyin karya ta a gaban 'yan ajin.

Na uku, a raya maganar rubutu da duba. Ko wane shinge ya zama da izinin babban jami'i, da littafin da a ke rubuta wanda aka bincika. Majistarori su cika abin da doka ta ɗora musu na ziyartar wuraren tsare mutane ko wane wata. Majalisar Mai Martaba Sarkin Daura, Alhaji Umar Faruk Umar, da hakimai da dagatai, su ne kunnen da talaka ya fi saurin kaiwa gare shi. In aka sa rana a kai a kai, hakimi da baturen 'yan sanda da shugabannin direbobi da ardo-ardo suka zauna zaure ɗaya, aka kawo koke aka warware a gaban kowa, sanayyar nan da ta ɓace za ta fara dawowa.

An daɗe ana muhawara a kan ko jiha ta riƙe 'yan sandanta, ko a bar su hannun tarayya. Ko ina aka karkata, maganarmu ba ta sakewa. Mun ga zamanin ɗan doka na gida, mun ga na ɗan sandan tarayya, ko wanne ya yi kyau sa'ad da aka sa masa ido, ya ɓaci sa'ad da aka sake masa linzami. Muna roƙon ɗan sanda ya tuna mutumin da ya tsayar uban wani ne, kamar yadda shi ma ya baro nasa uban a gida. Muna roƙon jama'a su san hakkinsu, su kuma ba da na hukuma. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma a wannan al'amari duhun ya rufe mai tsayarwa da wanda aka tsayar baki ɗaya.

Allah ya zaunar da ƙasarmu lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya kiyaye matafiya da masu tsaron hanya, amin.